Mai Juya Mana Sandar Eriya

Litinin, 3 ga Afrilu

Yau maganar ta tabbata. Mai karanta labarai ya faɗe ta da bakinsa, na kuma ji da kunnena, ko da yake rabin fuskarsa na cikin yayyafi kamar kullum. A tsakiyar watan Mayu za a rufe tsohuwar hanyar da hoton talabijin yake iso mana, a koma sabuwa, wadda suke kira dijital. Kowane gida zai nemi wani ɗan akwati ya haɗa da talabijin ɗinsa. Wanda ya haɗa zai ga hoto garau da tashoshi masu yawa. Wanda bai haɗa ba, ya yi sallama da kallo.

Na koyar da labarin ƙasa a makarantar ƙauyen nan har furfura ta cika mini kai, amma ban taɓa ganin taswirar hasashen yanayi yadda aka zana ta ba. Dutsen da ke bayanmu yana maido da hoton, saboda haka duk wanda ya fito a allonmu tagwaye ne, shi da inuwarsa a kafaɗa. Tafkin Isik-Kul ma biyu ne a gidan nan. An ce sabuwar hanyar ba ta san inuwa ba.

Na shiga kicin na gaya wa matata Sairakan. Tana murza taliya, ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "To, tsoho, Allah ya sa ka ga tafkinka guda ɗaya kafin ka mutu." Na karɓe shi a matsayin addu'a.

Asabar, 8 ga Afrilu

Ɗana Ulanbek ya bugo waya daga Bishkek, babban birninmu. "Ata, kada ka saya, ni zan aiko maka da akwatin." Na wuni da murna kamar yaron da aka yi wa alkawarin duƙushi. A shekaruna wannan bai dace ba, amma haka ne.

Laraba, 12 ga Afrilu

Ya kamata in rubuta yadda muke kama hoto a yanzu, domin nan gaba jikokina ba za su yarda an taɓa yin haka ba.

Eriyarmu tana kan wata doguwar sandar ƙarfe a bayan ɗaki. Gindin sandar yana zaune cikin cibiyar tsohuwar ƙafar amalanke, ba a ɗaure ba, don a iya juya ta. Kullum bayan azahar iska takan taso daga kwazazzabo ta kauda ta daga inda aka bar ta. Kafin labaran yamma sai Jumakadir, maƙwabcina kuma sa'ana, ya shigo ta ƙaramar ƙofar shinge, ya tofa yawu a tafin hannu, ya kama sandar. Ni kuma in buɗe taga, idona a kan allo, in riƙa ba da umarni.

Ga yadda aka yi yau, gwargwadon abin da na riƙe.

"Hagu, Jumake. Ƙara. Ƙara kaɗan. Ka wuce."

"Ban ma motsa ba tukuna, makaho."

"To iska ce. Dawo dama."

"Ka ƙare rayuwarka kana koya wa yaran mutane gabas da yamma, amma hagunka ba ka sani ba."

"Riƙe nan. Mutumin ya fito."

"Shi kaɗai, ko da ƙanensa?"

"Da ƙanensa."

"To ka gaishe su duka."

Daga nan ya wanke hannu da butar da Sairakan take ajiye masa a bakin ƙofa, ya shigo ya ɗanɗana gurasa, tun da ba a yi wa gida aiki a fita ba a taɓa gurasarsa ba. Kuma ba ya tashi sai an gama hasashen yanayi, domin a cewarsa iska ba ta da amana, tana iya sake juya sandar a tsakiyar labarai, dole mai aiki ya zauna kusa. A cikin wannan zaman ɗanɗanawar takan haɗa da miya, da nama in akwai, da shayi har buta ta huce.

Na ba shi labarin akwatin. Ya ce, "Wanda ya ce zai raba mutumin nan da ƙanensa bai san dutsenmu ba."

Laraba, 19 ga Afrilu

Akwatin ya iso a hannun direban motar haya. Baƙi ne, ƙarami, marar nauyi, har na yi zargin babu komai a cikinsa. Na karanta takardar bayaninsa tun daga farko har ƙarshe, har da gargaɗin kada a tsoma shi a ruwa. Na naɗe shi da ɗankwalin Sairakan na ɗora a saman jeren barguna, wurin da ya fi daraja a ɗakin. Ta ce ko surukanmu da suka zo neman iri ba su sami wannan tarba ba.

Lahadi, 23 ga Afrilu

Na je Kochkor wurin Mederbek. Tsohon ɗalibina ne, yanzu yana da shagon kayan lantarki, shi ma furfura ta fara taɓa shi. A shagonsa na ga sabon hoton da idona, domin an riga an fara watsa shi tare da tsohon.

Ban san yadda zan kwatanta ba. Na tsaya riƙe da hulata a hannu. Wata mata tana magana a gaban wata gona, ina iya ƙirga ganyen itacen da ke bayanta. Babu yayyafi, babu rawa, babu inuwa. Kamar an buɗe taga a jikin bango.

Mederbek ya yi mini bayani a natse, yadda nake yi musu a aji. Ya ce tsohuwar hanya tana da haƙuri: ko eriya ta kauce, za ka ga wani abu, ko da dishi-dishi. Sabuwar kuwa ba ta da tsaka-tsaki, ko dai ta ba ka hoton duka, ko ta hana ka duka. Don haka zai ɗaure sandar a jikin bango da ƙarfe, ya matse da noti. "Agai," ya ce, yadda ake kiran malami a nan, "in na ɗaure ta, har jikokinka ba za su taɓa ta ba."

Na dawo gida ina ta zuba. Sairakan ta bari sai da na kai aya, sannan ta ce, "In ya ɗaure sandar, wa zai juya ta?"

Na ce babu kowa, amfanin abin ke nan.

"To Jumake fa?"

Na san inda ta dosa, kuma bari in rubuta shi sau ɗaya in huta. A bikin auren Ulanbek, da aka kawo kan rago, wanda ake ba baƙon da ya fi daraja, mai rabon nama ya ajiye shi gaban dattijon dangin amarya, wanda ya taso tun daga Talas. Haka ya dace, har gobe ina kan wannan. Amma Jumakadir yana ganin shi ya cancanta: shi ya yanka ragon, shi ya girme ni da hunturu ɗaya, shi ya fara ɗora Ulanbek a kan doki. Ya miƙe a gaban jama'a, ya shafa gemu, ya rantse ba zai ƙara tsallake bakin ƙofata da sunan baƙo ba. Aka daɗe ba ya shigowa. Sai wata rana bayana ya riƙe, hoto kuma ya ɓace, Sairakan ta leƙa shinge ta roƙe shi ya zo ya juya mana sanda. Ya zo. Ya ce mai aiki ba baƙo ba ne. A kan haka muke har yau.

Sairakan ta ce tun da matarsa Kalbubu ta rasu, 'ya'yansa kuma suka tafi aiki Rasha, ba ta ƙara ganin hayaƙin girki ya tashi daga gidansa da yamma ba. Abin da yake ci a gidan nan shi ne abincinsa.

Na ce mata rantsuwar ta tsufa, ta mutu da kanta. Mutum mai hankali ba zai ƙi hoto garau da miyarta saboda kan ragon da aka cinye tun Ulanbek bai haihu ba. Zai zo, har ya fi da zuwa.

Ta ce, "Ka san taswirar duniya, tsoho." Ba ta ƙarasa ba.

Juma'a, 28 ga Afrilu

A ƙofar masallaci ba a maganar komai sai akwati. Wani ya ce ya ji abin yana sauraren duk abin da ake faɗa a gida. Na ce a gidana kalmar makaho zai yi ta ji har ya gaji ya daina.

Talata, 2 ga Mayu

Na goge allon talabijin, na goge tabarauna. Mederbek ya ce Asabar. Na kasa zama wuri ɗaya.

Asabar, 6 ga Mayu

Rana ce da ba zan manta ba.

Mederbek ya iso da hantsi da tsani da sabuwar eriya, siririya, ba ta kai rabin tsohuwar ba. Muka sauke tsohuwar, wadda tsuntsaye suka mayar fara. Jumakadir ya shigo ba a kira shi ba, ya ce ya ji ana taɓa sandarsa. Mederbek ya gaishe shi da hannu biyu, ya kira shi da kiran girmamawa na dattawa, ya ce, "Aksakal, kai za ka juya, ni in duba na'ura." Haka aka yi. Jumakadir yana juyawa a hankali, Mederbek yana duban wata 'yar na'ura a hannunsa, ni kuma ina tsaye ba ni da aikin yi, karon farko. Da suka sami inda ake so, Mederbek ya kafa ƙarafuna a bango, ya rungume sandar da su, ya matse notin har jijiyar wuyansa ta tashi. Jumakadir ya kama sandar ya girgiza. Ko gezau.

Sannan muka shiga. Na sauko da akwatin da hannuna, na warware ɗankwalin. Mederbek ya haɗa wayoyi, ya danna, wani layi ya yi ta tafiya a allo yana neman tashoshi. 

Sai ga hoto.

Muka zauna. Ana nuna wasu mata suna kaɗa komuz, garayarmu mai igiya uku, ana ganin igiyoyin suna rawa a ƙarƙashin yatsunsu. Mederbek yana dannawa, tasha tana bin tasha, kowace garau. Muka riƙe shi har labaran yamma, ba mu bar shi ya tafi ba. Da mai labarai ya fito, Sairakan ta matsa kusa da allo ta ce, "Ashe ba shi da gashin baki. Ashe yaro ne." Duk tsawon lokacin nan inuwarsa ce take kwanciya a leɓensa.

Da aka zo hasashen yanayi na miƙe tsaye. Ga ƙasarmu kamar yadda nake zana ta a allon makaranta, duwatsu ruwan ƙasa, kwaruruka kore, tafki shuɗi, guda ɗaya. Na cire tabarau na goge. Na ce ƙura ce.

Sairakan ta yi taliya da naman rago. Jumakadir ya ci, amma bai yi surutu ba. Abin da ya ce kawai, yana duban mai labarai, "Ƙanen nasa fa, ina suka kai shi?" Muka yi dariya.

Kafin Mederbek ya tafi ya ba ni sifana, ya ce in ajiye, in hunturu ya wuce in ƙara matse notin. Jumakadir ya sa hularsa a bakin ƙofa, ya kira ni da guntun sunana yadda ya saba, ya ce, "To, Toke, aiki ya ƙare." Na ce gobe akwai wasan dawaki a tashar wasanni, ya zo da wuri. Ya ce, "Sanda ta tsaya da ƙafarta." Lallai ta tsaya. Alhamdu lillahi.

Lahadi, 7 ga Mayu

Na ga dawaki har da gumin wuyansu. Na ga cikin teku. Na ga wani likita yana bayanin ciwon gwiwa, na kira Sairakan, ta ce gwiwarta ba ta bukatar a nuna mata ita a allo. Akwai wani maɓalli da ke faɗa maka shirin da zai biyo baya. Wanda ya ƙirƙiro wannan mutum ne mai tsari.

Jumakadir bai zo ba. Jiya ya gaji, ba yaro ba ne.

Talata, 9 ga Mayu

Shirin duwatsun Pamir, an ɗauko su daga sama. Da ina da wannan a aji, da ban ɓata alli ba.

Sairakan ta cika buta ta ajiye a bakin ƙofa yadda ta saba. Da safe na same ta a cike.

Alhamis, 11 ga Mayu

Na gan shi ta shinge yana sassabe gefen magudanar ruwa.

"Jumake, ka zo ka ga dawaki. Har ƙudan da ke kan kunnensu ana gani."

"Sandar ta juya ne?"

"Ba ta juya ba."

"To me zan zo yi?"

"Ka zo ka zauna."

"Zama aikin baƙo ne," ya ce, ya ci gaba da sassabensa.

Na ce masa wannan taurin kai ne irin na jaki, mutanen da suka ji rantsuwar rabinsu suna maƙabarta. Ya ce sauran rabin suna da kunne, shi kuma yana da gemu.

Da yamma Sairakan ta zuba miya a kwano ta miƙa masa ta shinge. Ba da jimawa ba kwanon ya dawo yadda ya tafi, da busasshen tuffa a kan murfin, don kada a ce ya maido kwano haka kawai. Ya ce mata, "Ki gaya wa mijinki ba a fara sadaka da ni ba tukuna."

Zai huce. Na san shi tun muna kiwon 'yan raguna.

Litinin, 15 ga Mayu

Yau aka rufe tsohuwar hanya. Na ga bai kamata ta tafi babu mai raka ta ba, don haka na zare akwatin, na haɗa eriya kai tsaye yadda take a da. Ga tsohon hoton nan, dishi-dishi, kowa da ƙanensa. Na zauna ina kallonsa kamar yadda ake zama wurin tsohon da ke shirin tafiya. A cikin wannan yayyafin na ga an sauya tuta, na ga an sauya kuɗi, na ga shugabanni sun zo sun wuce. Can sai hoton ya ɗauke, allo ya cika da farin yayyafi da shuu. Na miƙe tsaye na ɗan jima, sannan na mayar da akwatin, duniya ta dawo garau.

Babban abu ne mutum ya ga ƙarshen wani zamani da farkon wani a zaune a ɗakinsa. Na so in faɗa wa wani wannan maganar. Sairakan tana wajen kaji.

Alhamis, 18 ga Mayu

Ni ban rantse ba, don haka na je gidansa.

Ya tarbe ni da ladabi. Ya shimfiɗa mini bargo a can ƙuryar ɗaki, wurin manyan baƙi, ya ce, "Bismilla, Toktosun agai." Bai taɓa kirana da cikakken sunana haka ba. Ya kawo shayi babu madara, da gurasar da sai an jiƙa ta kafin ta karyu. Murhu a sanyaye yake, tukunya a kife. Na lura ya huda sabon rami a ɗamararsa.

Muka yi maganar ruwan bana da farashin ciyawa. Ya tambayi lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya. Na ba shi labarin duwatsun Pamir, ya ce madalla. Har na tashi bai ce mini makaho ba ko sau ɗaya. Ya raka ni har ƙofar waje.

Ban kunna talabijin ba sai da aka kusa gama labarai.

Asabar, 20 ga Mayu

Na yi dabara. Na ce ƙyauren garken tumaki ya saki, ya zo ya duba. Ya zo da hantsi da gudumarsa, ya gyara kafin shayi ya tafasa. Sairakan ta fito da gurasa mai zafi a faranti. Ya gutsuri abin da bai kai ƙwayar wake ba, a tsaye, ya shafa fuska, ya tafi. Na ce ya dakata a ci abinci. Ya ce, "Ƙyaure ba ya juyawa a tsakiyar labarai."

Sairakan ta bi shi da ido har ya shige. "Azumi saura mako, tsoho. Da me zai buɗe baki?"

Na ce ba ni na rantse ba. Ta ce ta sani.

Litinin, 22 ga Mayu

Iskar yau ta yi ƙarfi, har ta kwashe wankin Sairakan ta kai gonar dankali. Na zagaya bayan ɗaki na duba. Sandar ko motsi. Aikin Mederbek aiki ne, ba abin da zan ce.

Hoto garau. Na zauna gaban mai labarai, shi kaɗai, ni kaɗai.

Laraba, 24 ga Mayu

Na ɗauko sifanar da Mederbek ya bari, don in ga ko ta yi tsatsa. Ba ta yi ba. Ta dace da notin daidai.

Alhamis, 25 ga Mayu

Bayan azahar iska ta taso. Da na kunna talabijin sai na ga allo baƙi ƙirin, da ɗan rubutu a tsakiya wai babu sigina. Na kira Sairakan na nuna mata. Ta dubi allon, ta dube ni, ta goge hannu da gefen rigarta, ta nufi shinge. Ina jin muryarta. "Jumake, kana ciki? Hoton tsohon nan ya ɓace, ga bayansa kuma ya riƙe."

Bayana bai ce komai ba, amma ban ƙaryata ta ba.

Na ji ƙarar ƙaramar ƙofa. Na buɗe taga. Ya tofa yawu a tafin hannu ya kama sandar, ta juya a hannunsa kamar da.

Sai dai aikin ya sauya. A da hoto yakan taso a hankali daga cikin yayyafi, in gan shi yana zuwa in yi magana. Yanzu babu komai sai baƙi, kuma ko an dace, akwatin sai ya ɗan yi tunani kafin ya nuna. Kafin in ce riƙe, ya wuce.

"Juya kaɗan ka tsaya. Jira. Babu. Ƙara ka tsaya."

"Me nake jira?"

"Akwatin yana tunani."

"Shi ma malamin makaranta ne ke nan."

"Ƙara. Tsaya. Ga shi, ya fito, amma ya daskare, fuskarsa ta farfashe."

"Wa ya farfasa ta?"

"Koma baya kamar faɗin yatsa."

"Yatsanka ko nawa, makaho?"

Ban san kalma ɗaya tana iya yi wa mutum daɗi haka ba.

Muka sha fama har rabin labarai ya wuce, sannan hoto ya zauna garau. Na leƙa ta taga na gan shi sunkuye, yana shafa notin da babban yatsa, inda ƙarfen ya yi sabon ƙyalli.

"Toke," ya ce, "iskar bana da sifana take yawo."

Na ce iskar kwazazzabo ce, babu abin da ba ta iyawa.

Ya daɗe yana dubana. "A matse shi?"

Na ce wannan aikin masu na'ura ne, kada mu ɓata wa Mederbek tsarinsa.

"To ai sai in zauna kusa," ya ce. "Wannan sabon abin ba shi da haƙuri. In ta kauce a tsakiyar labarai, ba za ka ga ko ƙanen ba."

Ya wanke hannu da buta. Sairakan, ban san yaushe ba, ta riga ta ƙara taliya. Ya ci faranti ya ƙara, yana sukar taurin naman. Da aka nuna taswira ya matsa kusa da allo, ya daɗe yana kallo. "Ashe tafkin ɗaya ne," ya ce. "Kai kuwa ka bar mu muna tsammanin mun fi haka arziki."

Juma'a, 26 ga Mayu

Gobe azumi.

Mederbek ya bugo waya. Labari ya kai masa cewa sandar ta saki. Ya damu ƙwarai, ya ce bai san yadda aka yi ba, zai zo gobe ya matse ta. Na ce masa aikinsa ba shi da aibi, kada ya wahalar da kansa, hanya da nisa ga kuma ƙishirwa. A bari sai bayan salla, ko kuwa in an sauko da dabbobi daga makiyayar kan duwatsu, mu gani.

Ina nan a kan ra'ayina: sabuwar hanya abin al'ajabi ce, kuma na gode wa Allah da ya nuna mini ita. Abin da kawai na fahimta shi ne, a ƙauye mai iska irin namu, eriya tana bukatar mai kula da ita. Wannan magana ce ta labarin ƙasa, ba wani abu ba.

Na nemi sifanar ban gan ta ba. Sairakan ta ce ta ɗauke ta daga kan taga ta adana, ta kuma manta wurin. Ban matsa mata ba. Ta jiƙa shinkafar buɗa-baki ta mutum uku.

Ganyen bishiyoyin shinge ya fara kaɗawa. Bari in je in buɗe taga.